Ruwan Kokon Ashatu

Ƙarar murfin tukunya Rahmatu ta fara ji, sannan wani abu mai nauyi ya biyo baya, tim, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Tana tsugune a bakin rariya tana wanke kwanonin karin kumallo. Ta ɗaga kai ta dubi katanga.

"Yaya Ashatu! Lahiya dai?"

Ba amsa, sai tafasar romo.

Tsakanin gidan Rahmatu da na Ashatu akwai wata kafa a jikin katanga, wadda ruwan wata tsohuwar damina ya ci, ba wanda ya damu ya toshe ta. Shekara ashirin da wani abu ta nan garwashi ke wucewa, da gishiri, da labari. Ta nan Rahmatu ta kutsa, hannuwanta duk kumfa.

Ta tarar da Ashatu kwance a gefen murhu, bakin zanenta saura kaɗan ya taɓa wuta. Bakinta ya karkace, miyau na bin haɓarta, hannun dama ya lanƙwashe a ƙarƙashinta kamar ba nata ba. Idanunta kuwa a buɗe suke tar, suna bin Rahmatu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shamsiyya! Hito, Inna ta hwaɗi!"

Duk Dundaye ba wanda bai san Inna Ashatu mai kai da ƙafa ba. Tun rasuwar mijinta, Mati mahauci, abokan sana'arsa ke aiko mata da kawunan shanu da ƙafafu daga mayanka. Ta babbake, ta kankare, ta dafa, da la'asar ta kai bakin titin Kwalkwalawa inda ɗalibai ke yi mata layi. Da wannan tukunyar ta yi wa ɗanta Sirajo karatu, shi kaɗai ya rayu cikin shida da ta haifa, har ya sami aiki a wani ofishin gwamnati a cikin gari. Ya auri Shamsiyya, suka zauna tare da ita a gidan. A ranar da ta faɗi, Shamsiyya na da cikin wata shida, Sirajo kuma ya riga ya fita. Malam Mode, mijin Rahmatu, shi ya baro albasarsa a fadama ya nemo keke napep.

A asibiti aka ɗauki hoton kanta, aka ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, shi ya shanye mata ɓarin dama ya tafi da maganarta. Kalma ɗaya tak ciwon ya bar mata. In an juya ta, in an soka mata allura, in an tambaye ta ina ke ciwo, amsa ɗaya ce: "Sannu."

Rahmatu ce ta zauna jinya, tunda ɗakin mata ne. A kwana na uku likitan da ke duba ta, wani siriri mai tabarau da ake kira Likita Sa'ad, ya tsaya a ƙarshen gado da takardar gwajin jini, ya kira Sirajo.

"Mahaifiyarka za ta iya tashi," in ji shi. "Ba na ce za ta koma kamar da ba, amma wurin da ya toshe bai da girma sosai. Abu ɗaya ne ban so ba a takardar nan. Akwai wani sinadari a cikin jini, muna ce masa albumin. Hanta ce ke yin sa daga abin da mutum ya ci, kamar ƙwai, nama, wake, nono. Shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya, kuma da irinsa jiki ke gyara inda ya lalace. Na mai lafiya daga uku da rabi ne zuwa sama. Nata uku da ɗigo ɗaya."

"Mai saida nama ta hwa, likita," Sirajo ya ce, yana ɗan murmushi.

Rahmatu ta san Ashatu ba ta cin abin da take dafawa. In an rage, kwanon Sirajo yake shiga. Ita fura ce abincinta, wani lokacin ko nono babu.

"Mun daɗe muna lura," likita ya ci gaba, "waɗanda nasu ya yi ƙasa su suka fi shan wahala bayan irin wannan ciwo. Ƙarfi ba ya dawo musu da wuri, gyambo na kama su, ƙirji na kama su."

"To ba a saida shi? A ɗaura mata leda guda a huta."

"Akwai na leda, amma an gwada, ba ya tashin mai shanyewar jiki. Wannan aikin na cokali ne. Abu mai laushi, mai kauri, kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, tana zaune kada ta shaƙe. A riƙa juya ta, a kawo ta wurin masu gashin ƙashi. Bayan wata biyu mu sake aunawa."

Sirajo ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Da aka dawo gida, Rahmatu ta ɗauki maganar cokali kamar wasiyya. Kajinta bakwai, duk ƙwan da suka saka ta kafar katanga yake bi. Ta dama shi cikin kunu, ta tuƙa alala mai ruwa-ruwa, ta daka hanta a turmin yaji har ta zama kamar man shanu. Mahauta abokan Mati ba su daina aike ba, ta karɓa ta dafa har ƙashi ya saki, ta tace. Sai ta jingina Ashatu da bango, ta tokare ta da matashi, ta zauna a gabanta. Kofi ɗaya kan ci rabin awa. Rabi ya shiga, rabi ya dawo ta gefen bakin da ya mutu, ta tare da cokali ta mayar.

"Haɗiye, Yaya. Ɗalibanki suna ta tambaya. Wanga ƙato mai gemu yac ce tun da kinka kwanta bai ƙoshi ba."

"Sannu," in ji Ashatu, gefen fuskarta mai rai yana dariya.

Kafin ruwan farko ya sauka, Ashatu ta fara zama ba tokari. Wata safiya ta matse yatsan Rahmatu da hannun da ya mutu, matsa mai rauni kamar ta jariri, Rahmatu ta fita tsakar gida tana kiran Shamsiyya ta zo ta gani.

Sai dai abin da ya shiga dole ya fita. Shamsiyya ba ta iya ɗaga ta, ga ciki, ga amai da zarar ta ji wari. Rahmatu na gyara ta da rana, amma gwiwoyinta sun ci shekara sittin, ba ta iya cira ta ita kaɗai. Ɗagawa ta Sirajo ce, safe kafin ya fita, yamma in ya dawo. Yakan ɗaure hanci da hankici, ya kau da kai, ya ɗaga uwarsa kamar mai ɗaga abin da ya tsinta a hanya. Ashatu takan rufe ido har a gama. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana yaro, don kunyar ɗan fari, yau ga shi yana ganin abin da ko mijinta bai gani ba.

Ran wata Asabar da la'asar, shugaban Sirajo na ofis, Alhaji Ibrahim, ya zo dubiya daga Arkilla da mutum uku. Tun safe Sirajo ke shiri. An share zaure, an kunna turaren wuta, an sa wa Ashatu sabon zane, an zaunar da ita a kan kujera a rumfa. Rahmatu ta ba ta alala da azahar, ta ci fiye da kullum.

Baƙi suka zauna a kan darduma, Alhaji Ibrahim ya ɗaga hannu yana addu'a. Ana tsakiyar addu'ar aka ji sautin, sannan wari ya tashi ya danne turaren. Abin ya bi ƙafar kujera ya gangaro har gefen darduma. Ɗaya daga cikin baƙin ya janye babbar rigarsa. Alhaji Ibrahim ya shafa fatiha da sauri, ya ce Allah ya ba da lafiya, ai lalura ce, kowa na iya gamuwa da ita. Ashatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba daga ido ɗaya.

"Sannu," ta ce. "Sannu."

Sirajo ya raka su har mota. Da ya dawo, Rahmatu ta riga ta kawo ruwa a bokiti. Ya sa ƙafa ya ture bokitin.

"Mi kinka ba ta?"

"Alala ta, Sirajo. Abin da likita yac ce."

"Likita shi ka kwashewa? Kullum ƙwai, kullum wake, kullum romo. Kin mai da ta kamar saniyar turka. Ke ki ɗura, ni in kwashe."

"Ni zan kwashe. Ka bar mini, in Malam ya dawo shi kama mini."

"Mijinki shi ga tsiraicin uwata? Gari shi ɗauka Sirajo ya kasa, sai maƙwabta? Inna Rahmatu, na gode. Daga yau na ɗauke miki."

"Uwarka ta hwa. Ga ta nan tana jin ka."

"Da tana ji da ba ta yi mini haka gaban mutane ba."

Washegari da hantsi magini ya zo da bulo goma sha biyu a baro. Rahmatu na tsaye a tsakar gidanta tana kallo aka jera su, layi bisa layi, har fuskar maginin ta ɓace. Sirajo ya gaya wa mahauta su daina aike, wai likita ya hana nama. Ƙofar gida kuma ta koma a rufe, in ya fita ya ce wa Shamsiyya kada ta buɗe wa kowa sai yana nan.

Malam Mode ya same shi bayan sallar magariba, ya yi masa magana a hankali. Da bai ji ba, ya kai maganar wurin liman. Liman ya je dubiya da kansa, ya dawo ya ce wa Mode a ji tsoron Allah a daina zargi. Ya ga ɗaki a share, ya ga gwangwanayen madara shida jere a kan taga, ga kiret ɗin ƙwai, yaron nan yana ƙoƙari.

Rahmatu ba ta daina dafawa ba sai da kwano ya dawo mata sau huɗu ba a buɗe ba. A na biyar ta hau turmi ta leƙa ta kan katanga, ta ga Shamsiyya na tace koko a rariyar hannu, tana ƙara masa ruwa.

"Shamsiyya, mi a wannan?"

Yarinyar ta firgita, ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Na Inna na. Kohi guda da sahe, guda da marece. Shi yac ce hakanan. Yac ce in ta sha mai ruwa, sai hitsari kawai, sai a kwana huɗu ba ta yi wancan ba."

"Madarar da ke bisa taga hwa?"

"Ta masu dubiya ta. Yana ƙirga su." Ta share ido da bakin mayafi. "Ran nan na ba ta ƙwai guda a ɓoye, ya gane da sahe. Yac ce in na ƙara, in tahi gidanmu in haihu can, kak in dawo."

Rahmatu ta sauko daga turmin, ta zauna a kansa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ɗakin Ashatu na jikin katangar. Da, Rahmatu kan ji ta tana tari, tana jan ƙafa, tana buga kofi a ƙasa in tana son ruwa. Cikin damina bugun kofin ya riƙa raguwa. Zabi suka fara ƙwai a daji, mata na yawo da shi a ƙwarya ƙofa-ƙofa, Rahmatu ta riƙa cewa su wuce.

Ranar komawa asibiti ta zo, ta wuce da sati uku. Sai da masu dubiya suka fara maganar kumburin ƙafar Inna a unguwa, sannan Sirajo ya aiko a ce wa Rahmatu ta shirya, yana son mace ta riƙe ta a mota, Shamsiyya ta yi nauyi.

Da ya fito da ita a hannu, Rahmatu ba ta gane ta ba sai da ta ga tsagen fuskarta. Daga wuya zuwa ƙugu ƙashi ne da fata, ƙafafu kuwa sun cika sun yi sheƙi kamar gorar ruwa. Ga wani wari daban, ba irin na da ba, mai zaƙi-zaƙi, na nama da ya kwana.

Kafin direba ya shigo, Sirajo ya juyo daga kujerar gaba.

"Inna Rahmatu, riƙo na kira ki, ba magana ba. In kinka buɗe baki can, wallahi ba ki ƙara ganin ta, ko gawa tata ba ki gani."

Likita Sa'ad ya sa aka kwantar da ita, ya ɗaga zanen ta baya. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ita ta ja numfashi. A ƙasan bayanta akwai rami da dunƙulen hannu zai shiga, gefensa baƙi, ana hango fari a can ciki. Likita ya aika a ɗebi jini da fitsari, suka zauna a baranda har bayan azahar.

Da sakamako ya fito ya kira su ciki, ya ajiye takardar a kan tebur ya juya ta wajen Sirajo.

"Biyu da ɗigo ɗaya. Na ce muku a ɗaga shi, ya faɗi. Shi ya sa ruwa ya bar jijiya ya taru a ƙafa, shi ya sa gyambon nan ya ƙi rufewa. Ciwo da kansa yana rage shi, gyambon ma yana zuƙe shi, ban musa ba. Amma hantarta lafiya lau, ƙodarta ba ta zubar da shi. Saura tambaya ɗaya. Me take ci?"

"Komi, likita," in ji Sirajo, ba ko ƙifta ido. "Ƙwai, madara, kihi, hanta. Sau shida kamar yadda kac ce. Ba ta riƙewa na. Jiki ya ƙi karɓa."

Likita ya cire tabarau ya dubi Rahmatu. "Baba, ke ce kika yi jinyarta wancan karon. Haka ne?"

Rahmatu ta dubi Ashatu a kan keken marasa lafiya, kanta ya langaɓe a kafaɗa, idanun nan biyu na kanta. Ta dubi ƙeyar Sirajo. Ta tuna ramin bayan, ta tuna ƙofar da ke rufe. In ta faɗa, me likita zai yi? Zai yi faɗa, Sirajo ya ɗauki uwarsa ya koma da ita bayan bulo, shi ke nan.

"Ni maƙwabciya ta, likita," ta ce. "Ba gidan nike ba."

Likita ya daɗe yana kallon ta, sannan ya mayar da tabaransa.

"Sai a kwantar da ita. A sa mata robar abinci ta hanci, a riƙa wanke gyambon. Sati uku ko huɗu. Har yanzu da sauran dama, amma ba yawa."

"Ba ni da mai zama. Matata yau ko gobe."

"Ni zan zauna," Rahmatu ta ce da sauri.

Sirajo bai ko waiwaye ta ba. "Ina takardar da aka sa wa hannu in mutum zai tahi da nashi? A ba ni."

"Malam, in ka tafi da ita haka, ba za ka dawo da ita ba."

"Rai na Allah na, likita."

Ya sa hannu da biron likitan. A mota Rahmatu ta rungume Ashatu, ta ji ƙasusuwan haƙarƙarinta ɗaya-ɗaya ta cikin riga. Ta sa baki a kunnenta ta ce, "Ki yahe mini, Yaya." Ashatu ba ta ce ko sannu ba.

Bayan kwana tara Shamsiyya ta haihu, mace. Ranar suna aka yanka rago babba, mahauta suka zo suka feɗe shi kyauta don darajar Mati. Liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida: Aishatu Humaira, an yi wa Inna takwara. Maza suka riƙa miƙa wa Sirajo hannu, suna cewa ɗa na gari ke nan, Allah ya ba kowa irinsa.

Ranar ba a iya rufe ƙofa. Rahmatu ta shiga cikin ayarin mata, ta yi barka, ta ɗauki jaririyar ta mayar. Tsakar gida ta cika da hayaƙin suya, ana juya kayan ciki a babban kasko a kan murhun Ashatu. Ta faki ido ta ɗebi romo a kofi, ta tsinke hanta ta murje a ciki da yatsa, ta bi bayan rumfa.

An rataya sabon labule a ƙofar ɗakin, an ajiye kaskon turare a bakinsa. A ciki duhu, taga a rufe, gwangwanayen madara shida na nan, ƙura ta kwanta a kansu. Ashatu na kwance a kan katifa da leda, fuskarta na kallon bango. Numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Ƙamshin suyar ya cika ɗakin ta ƙarƙashin labule.

"Yaya, ni ta. An yi miki takwara. Hwara sol, da hancinki."

Ta tallabo kanta ta ɗora a cinya. Leɓunan sun bushe sun tsage. Ta ɗiga romon a gefen baki mai rai. Harshen ya motsa, ya nemi cokalin, ya kama shi da wani irin kwaɗayi da ya sa Rahmatu ta kau da kai. Amma maƙogwaron ya manta aikinsa. Romon ya tsaya, ta shaƙe, tari ya girgiza ta, ya dawo ta hanci. Rahmatu ta ɗaga ta tana bubbuga bayanta a hankali, tana tsoron kada ƙashi ya karye.

Da tarin ya lafa, Ashatu ta buɗe ido. Ta dubi kofin, ta dubi Rahmatu.

"Sannu," ta ce, iska kawai, ba murya.

Labule ya ɗaga. Sirajo ne, cikin farar shadda, hannunsa riƙe da tsokar nama a takarda. Ya dubi kofin, ya dubi uwarsa.

"In ta ɓata wurin yau, ga baƙi cike da gida, ke za ki gaya musu mi a wari."

"Ba ta ɓatawa, Sirajo," Rahmatu ta ce. "Ba abin da ya rage ciki."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai aka kira shi daga waje, abokan ofis sun iso. Ya saki labulen.

Ashatu ta cika ran Talata da hantsi, kwana biyu bayan suna. Ba kowa a ɗakin. Shamsiyya ce ta kai koko ta tarar. Rahmatu ta ji salatinta ta kan katanga, ta ajiye tsintsiya, ta ɗauki mayafi ta zagaya ta ƙofa. Ba wanda ya hana ta.

Ita da wata tsohuwa suka yi wankan. Da suka zo ɗaga ta, tsohuwar ta shirya ƙarfinta, sai gawar ta taso a hannunsu kamar damin kara, har ta yi baya. Da suka juya ta, tsohuwar ta ga bayan, ta dubi Rahmatu. Rahmatu ta cusa auduga a ramin, ta ƙara, ta ƙara, sai da ƙullin ya ƙare.

"Abin da mai wanka ya gani ba ya hwaɗi," tsohuwar ta ce a hankali.

"Na sani," in ji Rahmatu. "Na iya shiru."

Jama'a ta taru sosai. Mahauta sun rufe rumfunansu, har ɗalibai sun zo daga Kwalkwalawa. Sirajo na gaban makara yana kuka da gaske, sai da mutum biyu suka riƙe shi. A zaman makoki Rahmatu ta ji mata na cewa ya yi jinya, wata uku yana ɗaga ta da hannunsa, samun irinsa sai an tona. Aka dafa shayi da madarar kan taga aka raba wa masu gaisuwa. Da aka miƙo mata kofi ta ce tana azumi.

Kwana uku da aka share makoki, da safe bayan an yi ruwa, Rahmatu ta fita zubar da shara a jujin bayan layi. A can ta ga katifar, an yar da ita a kan tarin leda da toka, ruwa ya jiƙa ta. Tsakiyarta ya lotsa, ɗan rami mai tsawon yarinya 'yar shekara goma. Wata akuya ta hau ta kwanta a cikin lotsawar, ta naɗe ƙafafu, tana tuƙa, idonta a lumshe saboda rana.

Rahmatu ta tsaya da kwandon shara a hannu. Ba ta kore ta ba.